Lissafin da Ya Ƙi Fita

Shekara ashirin da alli a hannuna
ina koya wa yaran Dakingari lissafi.
Ɗaya da ɗaya biyu ne, kowa ya rubuta.
Ban san akwai jimlar da za ta kayar da ni ba
sai shekarar da ruwa ya ci shinkafa.

Gulbi ya zo da dare kamar mai bin bashi,
ya kwashe fadama, ya bar mana laka da wari.
Kwana tara ba a ji turmi a garin ba.
Ran na goma mata suka tattare zane zuwa gwiwa
suka gangara dashe na biyu
da irin da aka ranto daga Bunza.
Na bi su da jarkar ruwa don kunyar zama.

Na san muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya.
Ta Tumba ƙyauren langa-langa ce,
ta Ige rawa take tun da ta binne ɗanta,
Hajo kuwa in ta kira kaji
sai kajin su watse.
Tara waɗannan a kan allo,
amsarka hayaniya.

Can gefe wata ta jefa baiti,
siriri, kamar guga mai neman ruwa a rijiyar rani.
Ko kalmomin ban tsinta ba.
Sai amshi ya tashi.

Saura kaɗan jarkar ta kuɓuce mini.
Ba ta kunne ya shigo ba,
ta tafin ƙafa ya hau, ta cikin laka,
ya sami ƙirjina ya kife shi kamar ƙwarya
yana kaɗawa.
Na nemi Tumba a ciki, ban same ta ba.
Na nemi Hajo, babu.
Mace guda ce mai baki arba'in,
ba a haife ta a gidan kowa ba,
in an yi shiru kuma ba ta da kabari.

Na tsaya ina lura, halin malami.
Inda numfashin wannan ya yanke
na waccan bai yanke ba,
don haka waƙar ba ta tsayawa shan iska.
Wane ƙirji ɗaya zai iya haka?
Dubi igiyar rama:
babu silin da ya kai tsawonta,
kowane gajere ne, wani ya kama wutsiyar wani,
ga shi tana ɗaure sa.
Wata ta yi sama kaɗan, wata ƙasa,
wata ta makara da ƙiftawar ido,
ashe wannan saɓanin shi ne kaurin.
Da bakinsu ya zo daidai cif
da zare za a ji, ba igiya ba.

Na ga Ige ta daina.
Tana duƙe, shuka a hannu, kafaɗa na girgiza.
Ba wadda ta waiwaya.
Suka ɗauki rabonta suka raba
kamar yadda ake karɓar wa mai ciki kaya,
har ta share fuska da bayan hannu
ta dawo ta tarar da gurbinta da ɗumi.

Ni da aka ce wa tun ina aji biyu,
kai dai motsa leɓe, kada ka ɓata mana,
sai na ji maƙogwarona yana zafi.
Ashe tun ɗazu ina ciki.
Ba wanda ya ji ni.
Ban taɓa jin daɗin ɓacewa irin wannan ba.

Shinkafar ba ta yi wani auki ba, gaskiya.
Buhu shida inda ake samun ashirin.

Ran Litinin na rubuta ɗaya da ɗaya,
na ja layi, alli ya tsaya.
Arzika ya ɗaga hannu daga baya:
Malam, ko ka manta ne?
Na ce rubuta biyu, yaro,
haka za a tambaye ka a jarrabawa.