Ɗaci Ne Babban Wa

Zazzaɓi ya tafi, ya tafi da harshena.
Mako uku tuwo salam, miya salam,
shayin mai shayin Rigasa kamar ruwan randa,
gishiri ma in na lasa sai ka ce rairayi.
Gambo ta yi ta ƙara yaji har yara na hawaye,
ni kuwa ina tauna kamar mai taunar tsumma.

Ran Talata na nufi kasuwar Kawo.
Can bayan 'yan tumaki, inda wata rumfa ta karkace,
Inna Ladingo na zaune tsakiyar ƙullin saiwoyi,
kwalaben tsimi a gabanta,
wani ja kamar zoɓo, wani baƙi kamar tsohon man inji,
ko ɗaya babu rubutu a jikinsa.
Na ce, "Da me kike bambance su?"
Ta buɗe baki. Haƙora huɗu suka rage.
"Ga allona," in ji ta.

Da lallashi ta fara.
Zuma a kan tsinke, ban ji ba.
Jiƙon tsamiya mai sa yaro runtse ido
ya wuce maƙogwarona ba sallama.
Ta ɓantaro cittar Kachia da farce,
ta haɗa da kimba, kanumfari, masoro.
Hancina ya yi gumi.
Harshe na ta barcinsa.

Ba ta damu ba. Tana ɗaure wa wata mai goyo sabara
tana yi mini karatu:
"Masu gaggawa ke cewa magani duk ɗaci ne.
Bagaruwa ba ta da ɗaci, bauri gare ta,
tana tsuke baki kamar an ja zariya.
Sabara ma bauri ce, amma mai kunya.
Kanwa zartsi, ruwan rijiyar da aka ƙaurace wa.
Darbejiya hayaniya ce, ta zo da ihu ta wuce.
Garafuni na riƙe mutum a zuci.
Shuwaka kuwa, wannan tsohuwar banza,
sai ta zage ka tas,
ka kurɓi ruwa, ka tarar ta bar maka zaƙi."

Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin benci
ta jawo wani ɗan tulu mai toshin ganye.
Sassaƙen maɗaci, kwana biyu a ruwa.
Ta tsiyaya mini a murfin kwalba, ko cokali bai kai ba.

Na haɗiye.
Shiru.
Motar albasa ta danna oda, wani rago ya amsa,
mai turin baro ya ce a ba shi hanya.
Har na fara laluben takalmina,
sai daga can gindin harshe,
kamar ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare,
wani abu ya motsa.
Ya taso, ya bazu, ya kama dasashi, ya hau kunne.
Fuskata ta yamutse kamar wankin da aka matse.
Na tofar, na yi hawaye,
na ji kaina ina dariya,
haƙora huɗu na taya ni.

"Ɗaci ne babban wa," ta ce.
"Shi ke fara komawa gida ya share ɗaki.
Ƙannen za su biyo sawunsa, kada ka matsa musu."
Kuɗin maɗaci kaɗai ta karɓa.
"Sauran ba ka ji su ba, don haka ba ka sha ba."

Tun daga Kawo har gida yana tare da ni,
ban sayi rake don in kore shi ba.
Da magariba aka ajiye tuwo, miyar kuka.
Loma ta farko, shiru.
Ta uku, daddawa ta leƙo daga nesa.
Na ce, "Gambo, yajin nan ya yi yawa."
Ta tsaya, ludayi a hannu.
"Me ka ce?
Sake faɗa."