Takarda Zuwa Gwanja

Malam, fiƙe alƙalami, ka matse layi.
Wuri arba'in na ƙirga kafin in sami fallen nan,
kada gaisuwa ta cinye mini rabinsa.
Ka ce: daga Shekarau na Aujara
zuwa ga ɗansa Mantau, duk zangon da ta same shi.
Muna lafiya. Wannan ya isa.

Ka ce dawa ta yi dami sittin da uku.
Shida sun tafi zakka.
Barau ya zo karɓar irin da ya ranta mini da bazara,
na ce huɗu ne, ya ce biyar,
muka je gindin tsamiya gaban dattawa,
muka dawo da biyar.
Gero kuwa, tsuntsaye sun riga mu awo.

Jakada ya sauka bayan girbi,
ya ƙirga fartanyu kafin ya ƙirga mutane,
har da taka, wadda ke rataye jikin rumbu tana tsatsa.
Na ce mai ita yana Gwanja.
Ya ce ai ita ba ta tafi ba.
Muka zube wuri a tabarma, muna ja biyar-biyar,
tun hantsi har inuwa ta juya gabas,
ya tsince ɗari biyu masu karyayyen baki
ya turo mini da yatsan ƙafa.

Uwarka ce ta cike giɓin
da kuɗin zaren da ta kaɗa dare arba'in
a gaban fitilar man kaɗe.
Ta ce rance ne, ba kyauta ba,
ta ja layi da gawayi a bangon ɗakinta.
Kullum na shiga, layin ne ke fara gaishe ni.

Ka ce jar akuya ta haifi biyu,
kura ta zo ta karɓi nata kason.
Ƙanenka Cindo ya shiga karofi,
hannunsa ya yi shuɗi har gwiwa,
wuri sittin a yini, yana ɓoye goma a rami,
yana zaton ban san ramin ba.

Gonar fadama kuwa...
A'a, ɗaga hannunka. Ba da wannan ba.
Ka san kurkunu ya kwantar da ni tsakar damina,
ciyawa ba ta jiran mai jinya,
na jinginar da ita ga Sarkin Fawa a kan keso guda
na biya 'yan ƙodago.
In yaron nan ya ji,
zai karyar da jakinsa a hanya, ya taho hannu rabbana.

Takardarsa ta bara na nan cikin gafaka,
sau uku kana karanta mini:
wai yana cikin alheri, wai goro ya yi araha.
Jatau da ya kawo ta fa ya gan shi da ido,
riga ɗaya, wuya kamar sillen kara.
Ban yi fushi ba.
Na san gidan da ya koyo irin wannan rubutu.

Saura layi nawa? Biyu?
Ga ta can bayan zana tana tari, wai a tuna mata:
akwai ƙullin kuka da daddawa, kada madugu ya haɗa da nasa.
To, ka ce rumbu cike yake.
Kada ka dube ni haka, Malam,
ban ce maka da me ya cika ba.

Na ƙarshen, ka rubuta shi da kauri:
ba na kiransa, ba na hana shi neman rabonsa,
amma in shamuwa ta dawo kan rimi
ya tuna na biya wa fartanyarsa kuɗin ƙasa,
kada ta sake cin na wata shekara a rataye.

Barbaɗa masa rairayi ya bushe.
Ladanka ƙwai uku ne yau,
saura sai ranar da kasuwa ta ci.