Tudun da Ke Tafiya

A Nida, kusa da tekun Baltik,
Rimvydas ya ce in tuɓe takalmi.
"Wanda bai ji shi a tafin ƙafa ba,
maganata ba za ta shige shi ba."
Ya haura saba'in,
rigarsa na ƙamshin bandar kifi,
tafin hannunsa duk kanta.

Muka hau. In na yi taku uku
sai rairayi ya ƙwace ɗaya.
Hagu, can nesa, teku na ruri,
dama tafki ya yi lamo,
tsakaninsu wannan farin ƙato
ya kwanta ya miƙe ƙafa.

Na ce, wa ya tara shi haka?
Ya yi dariya har ta zama tari,
ya tsuguna, ya kafa tsinke ɗaya,
ya ce, zuba ido.

Da fari ban ga komai ba.
Can sai ƙwayoyi, ƙasa-ƙasa,
suna tsalle kamar ƙuma,
wannan ta faɗo ta tunkuɗe waccan,
waccan ta tashi ta tunkuɗe wata.
A bayan tsinken, inda iska ta gaza,
kaɗan suka tsaya hutawa.
Kafin ya gama cusa taba a lofe
sun kai cikin cokali.

"Ka ga jaririn tudu," in ji shi.
"Uwarsa gaɓa ce can kudu,
raƙuman ruwa ke gatsarta dare da rana,
su niƙa, su ɗauko, su tofar a nan.
Rana ta shanya.
Iskar yamma ta zo ta yi dako.
Ba ta da kwando, ba ta da gaggawa."

Ya nuna min gadon bayan tudun,
mai sauƙin hawa ta wajen teku,
da goshinsa ta wajen tafki,
a tsaye, yana zubewa da kansa
kamar tsabar da aka cika wa mudu.
"Abin da ya hau ta nan, ta can yake faɗawa.
Haka yake tafiya, ba ƙafa."

Sai ya yi shiru.
Ya dubi ƙarƙashin sawunmu.
"Mutanen da suka sare dajin nan.
Saiwa ce ke riƙe da linzamin.
Da ta tafi, rairayi ya shiga gari
ba sallama:
yau a bakin ƙofa, baɗi a taga,
wata shekara sai bututun hayaƙi.
Kakata Kazimiera ta ce ƙauyen kakanninta
yana nan ƙasa, har da rijiyarsa."

Shi ya sa yake saƙa rassa,
shinge kan shinge, gida-gida kamar dara,
yana dasa ciyawar da in an binne ta
sai ta ƙara tsawo don taurin kai.
Na ce, kun ci nasara ke nan?
Ya ɗaga kafaɗa.
"Mun dai roƙe shi ya zauna."

Da muka juyo, sawunmu na hawa
iska ta riga ta share rabi.
Tsinken ma sai da muka nema:
kansa kawai ya rage a waje.

Daren nan a masauki
na kakkaɓe aljihu a kan tebur,
ɗan tsibi ya taru kusa da kofin shayi.
Na tashi na rufe taga.