Ƙwanƙwasa Uku

Teku ya ci Cuthbert ranar Talata,
bai dawo mana da ko takalminsa ba.
Muka binne akwatin da babu kowa a ciki
a bayan cocin Alnmouth, iska na fizgar baƙaƙen mayafanmu.
Baba ya bi shi kafin ƙanƙara ta narke.
Ba ciwo. Fuska kawai ya juya wa bango.

Sai ga Madam Ferrand daga Newcastle,
safar hannu ta siliki, jiki duk warin kafur.
Ta ce a saki labule, a bar kyandir ɗaya,
a kifa tafuka kan teburin da kakanmu ya sassaƙa.
Ƙwanƙwasa ɗaya na nufin a'a. Uku, e.

"Cuthbert, kana jin sanyi?"
Ɗaya.
"Ka yafe mini da na bar ka ka hau jirgin nan?"
Uku.
A daren Mama ta ci abinci.

Ashe matattu ma ba sa zuwa kyauta.
Cokulan azurfa suka fara fita,
sai agogon zaure, sai dawakai biyu,
sai gonar sha'ir da ke gangaren dutse.
Bangon ɗaki ya cika da fararen tabo
inda hotunan kakanni suka taɓa rataya.
Rufi na yoyo a wuri bakwai, na ƙirga,
ni ke zagayawa da kwanoni.

Wata Alhamis allurata ta faɗi,
na sunkuya, na ga ɗan katako
ɗaure a gwiwar Madam da zaren fata.
Ta dube ni. Na dube ta.
Na dubi Mama, tana murmushi ga duhu.
Na haɗiye maganata kamar ƙayar kifi.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
To, furen nan shi uwata ke shaƙa ta kai safe.

Ranar da sulai na ƙarshe ya bar gidan,
ruhohi suka gaji, in ji Madam,
ta hau keken doki ba waiwaye.
Mama ta zauna gaban tebur kwana huɗu,
tana kira, tana kira.

A na biyar na ɗaura cokalin katako a gwiwata.

Shekara shida ina zama ɗan'uwana.
Na ce ba na jin sanyi. Na ce na yafe.
Na ce Baba na nan kusa, yana shan lofensa.
Ba ta taɓa tambayar ni, Tamsin, ko na ƙoshi ba.

Yau mako guda da muka kai ta makwancinta.
Gobe masu gwanjo za su zo ɗaukar teburin.
Na kunna guntun kyandir, na kifa tafuka,
na ajiye cokalin a fili inda zan gan shi.

"Mama, kin san ni ce?"

Ruwa na ɗiga a kwano.
Ɗaya.
Ina jira.