Ranar da Aka Ɗinke Tela

Shekara ashirin da uku ƙafar dama ke ci da ni.
Ita ke taka keke a rumfata ta Ƙofar Guga,
hannu na kan shadda, ido na kan allura,
ita tana ƙasa cikin ƙyallaye da ƙura.
Ban taɓa ce mata sannu ba.

Daren Talata, saura kwana tara Sallah,
ruwa ya ɗauke, wuta ma ta ɗauke,
kaftani shida na Alhaji Mamuda a kaina,
na zo tsallake kwatar bayan masallaci
wadda nake tsallakewa tun ina ɗan koyo.
Dutse ya juya, sawu ya bi shi.
Na ji ƙas! daga cikin jikina,
ƙarar zaren da ya gaji da ja.
Kayan mutane dai ba su taɓa laka ba.

Baba Nagoma maɗori ya shafa, ya ja, ya tofa,
ya ce targaɗe ne, kwana bakwai ka yi rawa.
Kwana bakwai suka haifi wata huɗu.
Kumburi ya saɓe, idon sawu ya koyi ƙarya:
in taka ya ce to, in ƙara ya zame,
wando ne da aka zare wa mazagi, ba ya tsayawa.

A asibitin ƙashi likita ta ɗaga hoto a haske,
Barira sunanta, ba ta kai ƙanwata ba.
Ta ce, Malam Mati, ƙashinka lafiya lau,
jijiyoyin da suka ɗaure shi ne suka tsinke,
biyu ta gefen waje, sun zama tsumma.
Na ce, to me za a yi?
Ta ce, ɗinki.
Na yi dariya har mai jinya ta leƙo.
Na ce, wane zare? Allura lamba nawa?
Za ki bar rara ko za ki matse?
Ta ce, zan matse, amma ba matsin samarin yanzu ba.

Allura ɗaya a gadon baya,
daga ƙugu zuwa ƙasa na zama na wani.
Suka kafa koren labule tsakanina da ƙafata.
Na ji an ce almakashi,
hannuna ya motsa da kansa zai miƙa.
Yau ni ne yadin, a shimfiɗe kan tebur.
Sai na tuna kowace rigar jajibere
da na yi wa ɗinkin gudu, na ce mai ita ba zai juya ciki ba.
Ya Allah, kada ka biya ni da irin aikina.

Sati shida a siminti, ƙafa a kan filo,
ƙaiƙayi a inda tsinke ba ya kai.
Aka dawo da keken zaure, Sagiru ya hau,
ina jin takunsa kamar an biyo shi.
Ina ihu daga ɗaki, wuyan riga ba tsere ba ne!
Tasalla na auna gero, kwanon na raguwa,
ba ta faɗa mini ba.

Da aka fasa simintin, ƙafar ta rame kamar ta yaro.
Na sunkuya na duba aikin Barira:
tsawon ɗan yatsa, a ɗan lanƙwashe, taku goma sha ɗaya,
ba tattara, ba bakin zare a waje.
Na ƙirga sau biyu ina neman aibi.
Ban samu ba.

Mai gashi ya sa ni rubuta alif da ba a iska da babban yatsa,
in tsaya kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe a fadama.

Jiya na taka keke, kalmasa guda, a hankali.
Kwatar nan kuwa yanzu zagaye ta nake.
Da dare na ɗora ƙafar a cinya,
na shafa mata man kaɗe,
na duba ko Tasalla na ji,
na ce, sannu da wahala.