Rabin Sa'a

A garinmu nakiya abar ci ce.
Goggo Tasalla ke daka ta da zuma da barkono,
ta rufe a ƙoƙo, ta ce kar a taɓa sai baƙi sun zo.
A nan bayan Buxton, inda dutse yake fari kamar alli,
ita ma nakiyar a kulle take,
kwaɗo biyu, ɗaki marar taga,
kuma ba ta kwana ɗaki ɗaya da abin da ke tayar da ita.

Da safe waya ta shiga akwati,
ashana ta bi bayanta.
Dennis Hadfield ya ƙirga abin da ya fita, ya sa hannu,
da yamma ya ƙirga abin da ya dawo.
Makullin na'urar yana wuyansa kamar laya,
ko wurin shan shayi ban ga ya cire ba.
In hadari ya yi gunaguni can nesa,
sai ya ce yau dutse ya sha da ƙyar, kowa ya fito.

Ni nawa aikin ƙarami ne:
jan tuta, rediyo a ƙirji,
da 'yar hanyar ƙafa mai ratsa makiyayar tumaki.

Ranar Talata jiniya ta yi kuka sau uku.
Dennis ya kira mu ɗaya bayan ɗaya.
Ƙofar gabas? Babu kowa.
Ƙofar gada? Babu kowa.
Isiyaku? Na ce, ko tsuntsu.
Ƙasa ta yi tari ƙarƙashin takalmina,
ƙura ta miƙe tsaye, ta sake zama.
Sai rediyo ta ce:
rami ashirin da huɗu, ɗaya bai amsa ba.
Kowa ya tsaya inda yake. Rabin sa'a.

A lokacin Edna Bagshaw ta iso,
da sanda, da kare mai gajerun ƙafafu.
Ta ce ai ta ji ƙarar, an gama.
Na ce ƙara ba izini ba ce, Iya,
sai doguwar jiniya ta yi magana.
Ta ce tana bin hanyar nan tun ba a haife ni ba,
kuma motar sha biyu ba ta jiran kowa.
Na shimfiɗa tutar a gabanta.
Hannuna na rawa, na ce sanyi ne.

Ba sanyi ba ne.
Babana haƙar rijiya yake a Bakori.
Ya ci karo da fa a gaba tara,
ya kunna lagwani, ya hau igiya, ya jira.
Shiru.
Masu rijiya na kallonsa, rana na yi,
ya ce bari in leƙa.
Yatsa uku suka rage a damansa,
da su yake jan carbi har ya koma ga Allah.
Ba jiniya a Bakori, ba agogo,
ba wanda aka ba tuta ya ce masa tsaya.

Ban gaya wa Edna ba. Turancina bai kai can ba.
Ta zauna kan katangar dutse tana tsaki irin nasu,
tana duba agogo, tana nuna mini fuskarsa.
Motar ta wuce a ƙasan kwari, muna gani.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse,
ni dai gadinsa nake har ya huce.

Dennis kaɗai ya sauka, sannu, kamar mai shiga ɗakin marar lafiya.
Abin da ya yi a can, aikinsa ne, ba nawa ba.
Can sai jiniya ta ja dogon numfashi.

Edna ta wuce ba sallama.
Karen ne ya waiwayo.
Na naɗe tutar a jikin sandarta
da yatsuna goma.