Awon Ƙarfe Ukun Dare

Ƙarfe ukun dare nake saukowa,
ni Sukaesih, tocila a baki,
kwalba ɗaure a bakin gora,
littafi cikin leda kada raɓa ta ci shi.
Majalaya na barci. Bututun masaƙa ba ya barci.

Da rana rafin nan mutumin kirki ne,
launin shayi, yana wucewa kansa a ƙasa.
Ranar da masu dubawa suka zo daga Bandung
da fararen takalma da akwatin sanyi,
har ƙananan kifi suka ce sun gani.
Suka sa hannu, suka ci shinkafa, suka tafi.

Dare kuwa ya san abin da ya sani.
Litinin ja, sai ka ce an yanka sa a can sama.
Laraba baƙi, da kumfa har gwiwa.
Yau shuɗi,
shuɗi mai ɗumi, yana tururi cikin sanyi.
Kafin riga ta isa kantunan ƙetare
mu mun riga mun san launin yayi,
agwaginmu sun sa shi a ƙafa.

Na tsoma takardar awo.
Lafiyayyen ruwa bakwai yake,
in ji ɗalibar da ta koya mini.
Na ƙirga goma sha biyar a zuci,
na kara takardar da jadawali:
goma da rabi.
Zafi, talatin da shida.
Wari, ruɓaɓɓen ƙwai da sabulu.
An ce ido ba mudu ba, ya san kima,
amma ofis ba ya karɓar ido,
sai lamba, sai kwanan wata, sai sa'a.

A ƙarƙashin gadar nan mahaifina ya koya mini iyo.
Yakan juya dutse ya nuna mini 'ya'yan mazari
manne da laka, suna motsi,
ya ce, inda waɗannan suka yarda suka zauna
wanke fuskarki ba fargaba.
Na juya dutse huɗu yau.
Jajayen tsutsotsi kaɗai,
su da ba sa zaɓen maƙwabci.

Bayan sallar asuba ɗana Yayat ya shigo
daga aikin dare,
hannunsa shuɗi har gwiwar hannu.
Na zuba masa kofi.
Ya dubi kwalbar a kan taga,
kwalbar ta dube shi.
Launinsu ɗaya.

Ya ce, Ambu, ba ni ke buɗe famfon ba,
ni gari kawai nake zubawa a tukunya.
In an rufe masaƙar, wa zai biya makarantar Tita?
Ban amsa ba.
Jarkar ruwan da muke wa Tita wanka
tun da fatarta ta soma ƙuraje,
da albashinsa muke sayenta.
Hannun da ya ƙwace rafin
shi ke sayar mana da ruwa a jarka.

Na buɗe littafin.
Shafi na tamanin da uku, shekara biyu ke nan,
ba wanda ya aiko da amsa
sai wasiƙa ɗaya mai godiya da hatimi.
Biro ya tsaya a sama.
Tara ma lamba ce. Wa zai sani?
Ruwa dai ba ya tsami banza,
kuma ba ni na tsamar da shi ba.
Na rubuta goma da rabi,
na danna har ya fito a bayan shafi.

Yayat ya shanye kofinsa,
ya bar tambarin yatsu biyar a jikin kofin.
A bakin ƙofar ɗaki, bai juyo ba, ya ce,
Alhamis kore za mu yi.
Sun canza lokaci, Ambu.
Ki sauka ƙarfe biyu.
Ki sa takalmin roba, wannan yana cin fata.